Rijiyoyin Farin Tudu

Ƙurban, Madina
9 ga Muharram

Zuwa ga Yayana Balarabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Yaya damina? Yaya ƙafar Inna? Mu nan Alhamdu lillahi, sai zafin da ka san labarinsa.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Tun da idon maigidana Abdulsalam, da ake kira Abu Yazid a nan, ya yi rauni kunnensa ya ƙaru, babu abin da zan faɗa a waya bai ji ba. Shi ya sa na rubuta, zan ba Malam Abdou da ya zo umra ya kawo maka.

Idon hagu ya tafi tun azumi. Na dama kuma likita ya ce hawan jinin ido ne, yana rufewa ta gefe-gefe. Har yanzu yana zuwa gonar dabino a Al-Awali, amma ya daina hawa, a ƙasa yake zama yana tsince dabinon da lalube.

To, Yaya, wata magana ta shiga ransa. Ka san Farin Tudu, tudun allin nan da ya miƙe daga bayan garinmu har Dogon Marke. Wai sai ya taka shi da ƙafa, tun daga farko har ƙarshe, kwana biyar, kafin idon ya rufe. Kai ma ka san dalili. Yana ɗan shekara goma sha bakwai suka ɗauko alli a kan jakuna shi da mahaifinsa za su kasuwa, tsohon ya faɗi a rana ta huɗu, a can bisa tudun suka binne shi, suka jera fararen duwatsu. Shekara talatin da huɗu ke nan bai koma ba. Ya ce mini: "Kaltuma, fari dai ina ganinsa har yanzu. In na hau tudun nan zan gane wurin."

Ba wasa yake ba. Ya sa ɗanmu Yazid ya zana masa hanyar a babbar takarda da alƙalami mai kauri, zango-zango. Ya sayi takalmi mai taurin ƙasa. Duk Juma'a bayan asuba yana takawa daga nan Ƙurban har Uhudu, inda Yazid yake tsaron kanti, wai yana gwada ƙafa. Ni ke binsa a baya saboda motoci. Bayan kaka yake so ya zo, in rana ta yi sauƙi.

Shi ya ce in tambaye ka: rijiyoyin nan uku na hanya suna da ruwa? Ƙauyukan da ake kwana suna nan? Za a samu jaki mai ɗaukar kaya da wanda ya san hanya? Akwai zaman lafiya a wajen?

Tambayarsa ke nan. Tawa damuwar kuma ga ta. Iƙamarsa, wato takardar zama, ta kusa ƙarewa, kafilinsa kuma, wato mutumin da ya tsaya masa a nan, ya faɗa masa a fili cewa in ya fita, fita ce ba dawowa. Yazid da ƙanwarsa Hidaya a nan aka haife su. Hidaya ka yi mata Hausa ta amsa maka da Larabci. In mun taho mun bar su, in mun ɗauko su ban san inda za su sa kansu ba. Duk da haka kullum ina taya shi ninke takardar hanyar nan.

Ka gaishe da Inna, ka ce ta sa mu a addu'a. Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Kaltuma

Ƙurban, Madina
17 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Yaya Balarabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen gida, da fatan hatsi ya nuna lafiya. Na ji daɗi da ka ce Inna tana takawa har bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarka ta iso. Allah ya saka da alheri, ka wahala, tun da har Kwaren Tsamiya a kan hanyar tudun ka je da kanka. Ka ce rijiya biyu suna da ruwa, ta ukun ma an yashe ta bara. Ka ce hanya lafiya lau, kuma kai da kanka za ka raka shi da jakinka.

Yaya, ba haka na karanta masa ba.

Da la'asar ne, ya dawo daga gona, ya zauna ya ce in karanta. Na fara daidai, gaisuwa da labarin gida. Da na zo kan rijiyoyi sai bakina ya juya. Na ce ka ce duk sun ƙafe. Na ce ka ce ana tare mutane a zango na uku, ya haƙura sai baɗi. Wallahi ban shirya ba, ina faɗa ina jin muryata kamar ta wata. Sai ya ce: "To, Balarabe ba ya ƙarya. Allah ya kai mu baɗin."

Na sa sunanka a cikin ƙaryata, ka yafe mini. Amma ka ji uzurina. Likitan ya ce akwai aikin da za a yi wa idon dama a watan Rajab, wataƙila ya tsayar da ciwon. In ya taho gida bayan kaka, aikin ya wuce shi, Madina ma ta wuce shi. Na ce a raina, a yi aikin tukuna, tudu ba ya gudu. Na je na roƙi kafilin ya sabunta masa iƙama shekara ɗaya, ya yarda da ƙyar.

Abin da ke damuna, bai daina tafiyar Juma'a ba. Ya ce kada ƙafa ta manta. Makon jiya a hanyar Uhudu ya yi karo da ƙarfen bakin titi, ƙaurinsa ya fashe, jini har cikin takalmi. Ya ɗaure da hankici muka ci gaba. Da muka isa ya tsaya yana fuskantar dutsen, ya tambaye ni ko akwai hazo yau. Babu hazo, Yaya. Gari garau yake.

In ya kira ka a waya, don girman Allah kada ka tona ni. Ka ce masa dai sai baɗi. Zan faɗa masa da bakina bayan aikin.

Ka gaishe da Inna da yara.

Taka,
Kaltuma

Ƙurban, Madina
21 ga Sha'aban

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya sanyi, ya jikin Inna. Ka yi haƙuri da shiruna, hannuna ne ya kasa ɗaukar alƙalami.

An yi aikin. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ciwon ya riga ya ci jijiyar. Sati biyu yana ganin haske-haske, daga nan shi ke nan. Yanzu ko fitila ka haska masa bai sani ba. Ya bar gona. Yazid yana neman yadda zai mai da takardar zaman mahaifinsa ƙarƙashin tasa, ba mu san ko za a yarda ba.

Na yi ta lissafi. Da ya taho lokacin da ya so, da sauran gani a idon, da ya hau tudun, da ya ga kabarin. Wata uku cur na ƙwace masa.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi ina ba shi shayi, sai ya ce: "Allah ya taimake ni da rijiyoyin nan suka ƙafe. Da a ce da ruwa a cikinsu amma na zauna jiran likita, da baƙin ciki ya kashe ni." Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, na ɗauko takardarka na karanta masa ita yadda ka rubuta, kalma-kalma.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye kofin a hankali, ya lalubi bango ya jingina. Can ya ce: "Kaltuma, da kin ce mini tsoro kike ji, da na zauna. Wallahi da na zauna. Amma da na zauna da sanina."

Shekara ashirin da takwas muna tare, bai taɓa ƙin abincina ba, yanzu ma yana ci. Yana amsa gaisuwata. In za shi masallacin Ƙuba kuwa, Hidaya yake kira ta kai shi bakin ƙofa. Na ce masa mu tafi baɗi, ni zan riƙe hannunsa har Dogon Marke, in faɗa masa duk abin da na gani. Ya ce: "Duk abin da kika gani?" Ban sake tayar da maganar ba.

Jiya ya ce in rubuto maka saƙo, ga shi yadda ya faɗa. Yana roƙonka, in ka samu sarari kafin zafi ya shigo, ka hau tudun a madadinsa. Daga rijiya ta uku ka yi gabas, tafiyar da ba ta kai ta sa'a guda ba, za ka ga wani tsagi a jikin allin kamar an sara da gatari. Kabarin yana hannun dama, ƙarƙashin wata aduwa in tana nan. Ka gyara duwatsun, ka yi wa tsohon addu'a, ka ce ɗansa Abdulsalam ne ya aiko ka. Sannan ka rubuto masa yadda ka samu wurin, kada ka rage komai, ko da ruwa ya share shi.

Takalmin da takardar hanyar suna cikin ƙunshin da za a kawo maka tare da wannan. Ya ce ƙafarku ɗaya.

Amsar kuma, ya ce kada ka sa sunana a bayan ambulan. Ka sa na Yazid. Yazid bai iya karatun Hausa sosai ba, sai ya yi ta haɗa baƙi yana tuntuɓe, don haka ka rubuta da manyan haruffa, ka taƙaita kalmomi. Shi zai karanta masa.

Ka gaishe da Inna. Kada ka faɗa mata.

Ƙanwarka,
Kaltuma