Rigar Zainabu da Ruwan Damina

Asabar, 4 ga Agusta, 2007

Saura kwana shida auren Huda da Muntari. Yau ta ce ba ta son rigar haya ta birnin Sinnar, farar rigar da uwarta ta yi aure da ita za ta sa. Shekara sha huɗu ke nan da yayata Zainabu ta rasu ta bar min yarinyar nan, rigar kuma tun ranar tana cikin akwatina. Na ce to. Na fita na huce a kan awaki.

Lahadi, 5 ga Agusta

Mun buɗe akwati. Wuya da hammata duk sun yi ɗorawa. "Ya Hala, lazim a wanke ta," in ji Huda, don Hala take kirana, wato ƙanwar uwa. Lazim, wai dole! Ita dauɗa take gani. Ni kuwa har yau in na kai hanci wuyan rigar nan ina jin humrar Zainabu. Ƙamshin nan kaɗai ya rage min nata. Da ta taɓa ruwa, shi ke nan.

Ban faɗa mata ba. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 6 ga Agusta

Ban wanke ba.

Talata, 7 ga Agusta

Yarinyar nan za ta kashe ni! Ina kasuwa ta ɗauko rigar ta tsoma hannun rigar ɗaya a ruwan famfo. Haifaffiyar garin nan Mai Wurno, amma ta manta kogin da famfo ke ja ya cika, ruwan kamar shayi da madara. Hannun ya yi jawur da laka. Na yi mata tas, har maƙwabta suka leƙo.

Tana kuka ta ce, "Ni ko huskatta ban tunawa, Hala. So nikai in shiga abin da ta shiga."

Na ji kunya ƙwarai. Ni ina da shekara ashirin da biyar tare da Zainabu, ita biyar.

Laraba, 8 ga Agusta

Tsohuwa Mero ta maƙwabta ta kawo 'ya'yan zogale. Muka daka, muka ƙulle a tsumma, muka yi ta kaɗawa a randa. Kafin azahar laka ta kwanta, ruwa ya fito garau.

Na ce su ba ni wuri. Da rigar ta jiƙe, ƙamshin ya taso gaba ɗaya, kamar ta shigo ɗakin. Na tsaya hannuna cikin baho, ban san iya lokacin ba. Sai na sa sabulu.

Sau huɗu na ɗauraye. Jan ya fita. Na shanya a inuwar darbejiya, na zauna ina korar kaji.

Alhamis, 9 ga Agusta

Ta bushe fes. Na shinshina, sabulu kawai.

Huda ta gwada. Zainabu doguwa ce, rigar na jan ƙasa da yatsa huɗu. Mero ta ce a naɗe bakin a kama da zare, bayan biki a warware ta koma yadda take. Na ce gajerar mace za ta harɗe gaban dangin miji, miƙo almakashi. Ni na yanke, ni na kalmashe.

Huda ta ce jibi za ta aiko min da ita. Na ce ta riƙe abinta, akwatina ya cika.

Bai cika ba.