Rigimar Ranar Litinin

Pell Creek, Missouri
Tsakiyar Fabrairu

Arlene tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya hidimar jego? Yaya 'yarmu Joanne da ƙarfin jiki, da 'yan tagwayenmu, da babansu? Na san za ki ce me ya hana ni ɗaukar waya. Kin dai san kunnena, rabin maganarki ke iso ni, sauran sai in yi ta cewa "to, to" ban san abin da na amsa ba. Gara in zauna in rubuta.

Gida lafiya lau. Shanu sun fara haihuwa, karsanar nan mai farin goshi da muke jin tsoro ta sauka da kanta. Sanyi dai akwai shi, amma dusar ƙanƙara ta fara narkewa.

Akwai maganar da nake so ki ji daga bakina kafin matan coci su rubuto miki. Na sake shiga takarar hukumar makarantu. Na tuna na ce miki wancan karon ne na ƙarshe. Doyle Hutchens ne ya biyo ni har garke ya tsaya mini a kai. Ya ce, "Kujeru biyu za a cike, tawa da taka. Tun muna aji ɗaya nake jan ka, tsoho, in ka bar ni da rigimar nan ni kaɗai ban yafe ba."

Kin tafi kafin rigimar ta yi zafi, bari in warware miki. Gundumomin da ke kewaye da mu sun mayar da karatu kwana huɗu a mako, Talata zuwa Juma'a, sun ƙara tsawon yini. Albashinsu ɗaya da namu, don haka duk malamin da ya samu dama sai ya tsallaka can. Mu kuwa ba mu da halin ƙari, mutanen gundumar nan sun ƙi ƙarin haraji har sau biyu. Ajin lissafi na manyan ɗalibai tun bara babu tsayayyen malami. Yanzu kuma Malama Tillery mai koyar da kimiyya ta ce an yi mata tayi, in ba mu canza ba za ta tafi. Ni da Doyle muna ganin babu makawa sai mun bi sahu.

To, ashe ba mu biyu ba ne a takarar. Marisela Ocampo ta shigo, nas ɗin nan da ke gwada miki hawan jini a asibiti, wadda iyayenta ke aiki a masana'antar kaji. Ni na miƙa mata takardar gama sakandare da hannuna. Ita ba ta yarda da kwana huɗun ba sam. Doyle ya ce, "Yarinyar da muka yaye jiya ita za ta yaye mu." Ya yi dariya, amma na ga dariyar ba ta kai ciki ba.

Ki shafa mini kan jariran. Ki riƙa hutawa, ke ma ba yarinya ba ce.

Mijinki,
Lowell

Ƙarshen Maris

Arlene tawa,

Ina gaishe ki da kyau. Na samu takardarki da hotunan. Faɗan da kika yi mini kan takara na karɓa, na cancanta. Namijin nan hancinki ya ɗauko, kada Joanne ta ji.

An yi taron 'yan takara a ɗakin ƙwallon kwando na makaranta. Rabon da in ga wurin ya cika haka ba don wasa ba, na manta. Mutanen masana'anta sun zo da yawa, wasu da kayan aikinsu a jiki. Doyle ya yi magana mai kyau kan malamai. Ni ma na tashi na faɗi matsayina a fili, cewa in an zaɓe ni kwana huɗu zan goyi baya. Da aka zo kan Marisela ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi ita ma tana son Malama Tillery, 'yarta na ajinta. Sannan ta ce, "Tambayata ɗaya ce. Masana'anta ba ta hutu ran Litinin, asibiti ba ya yi. In uwa da uba sun fita da asuba, yaro ɗan shekara shida wa zai riƙe? Kuma wa zai ba shi abincin da yake ci a makaranta?" Doyle ya ce iyaye za su san dabara. Na ga a fuskokin mutane amsar ba ta gamsar da su ba.

Ran Asabar ina gyaran shinge sai ga motar Marisela. Ta sauko da ƙullin masarar nan nasu da suke cewa tamale, ta ce mamarta ta aiko tunda an ce gwauro nake kwanan nan. Na ce mata ko ta yi ɓatan hanya ne, nan gidan abokin hamayya ne. Ta ce, "Ƙuri'a biyu gare ka, Baba Lowell. Ɗaya taka ce, ban taɓa ta ba. Ɗayar na zo roƙo." Na yi dariya har na saki guduma. Na ce ɗayar ai ta Doyle ce tun kafin a haife ta. Ta ce ta sani, amma roƙo ba laifi ba ne. Sai ta ce Litinin mai zuwa babu makaranta, malamai na taron bita, in zo unguwarsu in ga yadda Litinin take in babu makaranta.

Na je, Arlene. Shekara nawa muna wucewa ta ƙananan gidajen nan masu kama da bodin tirela na bayan masana'anta, ban taɓa shiga ko ɗaya ba. Ta kai ni wurin wata tsohuwa da suke kira Doña Chela. Yara cike da falonta, wasu a ƙasa, wasu kan kujera, har da na goye. Gidan tsaf, yaran a ƙoshe, babu abin zargi. Amma matar ta girme ni, da sanda take tafiya. Marisela ta fassara mini abin da ta ce, wai yini ɗaya jefi-jefi tana iyawa, kowane mako kuwa sai dai a kawo mata sababbin gwiwoyi.

Ban canza ra'ayi ba. Malami in ya tafi ya tafi, kuma yaran nan su ne za su zauna a aji babu mai koyarwa. Amma tun ranar nake juya abin a raina ina kan tarakta.

Ina kewar ki. Gidan ya yi mini girma.

Naki,
Lowell

Tsakiyar Afrilu

Arlene tawa,

Da fatan kun tashi lafiya, kuma murar Joanne ta sake ta. Nan ruwa ya sauka, ciyawa ta yi kore shar.

An yi zaɓe. Marisela ce ta zo ta ɗaya, da rata mai yawa. Ni na biyu. Doyle ya faɗi.

Zan gaya miki abin da na yi a rumfar zaɓe, ke kaɗai da Doyle kuka sani. Na tsaya da alƙalami ina kallon sunaye ukun nan. Doyle ba zan iya tsallake shi ba. Yarinyar nan kuma na ga ya kamata a ce akwai mai irin bakinta a teburin. Sai na ba su su biyun, na bar kaina. Na fito raina wasai, ina cewa in na faɗi ma na cika miki alkawari. Ga shi mutane sun ƙi sakina.

Washegari na je shagonsa na kayan tarakta. Yana jera kaya a kanta, bai ɗago ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, me za a sayar wa manya?" Na ce kofi na zo sha. Ya zuba mini wanda ya huce. Can ya ce, "Gaya mini gaskiya, ƙuri'arka ta biyun wa ka ba?" Na gaya masa duka. Ya dube ni ya ce, "Wato ko kai ba ka zaɓi kanka ba, amma ka kayar da ni. Wannan wane irin wulaƙanci ne?" Muka yi dariya har ya zauna kan buhu. Sai ya tashi ya dafa sabon kofi.

Abin ya yi masa ciwo, kar ki ga dariyar. Rufin makarantar firamare da ɗakin karatun nan duk shi ya yi ta fama har aka yi su, kuma ranar zaɓe babu mai tunawa da rufi. Na ce masa haka. Ya ce in daina, kada in sa shi kuka a gaban masu saye.

Da aka rantsar da mu, sauran suka ɗora mini shugabancin hukumar tunda na fi kowa daɗewa. Mu bakwai ne, kuma a maganar kwana huɗu uku na nan, uku na can. Kin ga inda aka bar ni. Wata mai zuwa za a yanke.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Lowell

Ƙarshen Mayu

Arlene tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin cewa kin sayi tikitin dawowa. Zan zo filin jirgi da kaina, na ma wanke a-kori-kurar.

An yanke maganar. Kafin zaman na je asibiti na sami Marisela a lokacin hutunta, don ba na so ta fara ji a bainar jama'a. Na ce mata kwana huɗu zan zaɓa, abin da na faɗa wa mutane ke nan suka zaɓe ni a kai, kuma har yanzu ina ganin shi ne daidai. Ba ta ɓoye fushinta ba. Ta ce, "Ka je ka gani da idonka, Baba Lowell, amma bai isa ba?" Na ce na gani, shi ya sa na zo. In tana da abin da za a yi wa yaran nan ran Litinin ta kawo shi teburin, zan tsaya mata. Ta ce ba sadaka ta zo nema ba, makaranta ta zo nema. Ta koma aikinta ta bar ni tsaye.

Ranar zaman aka yi huɗu da uku, ni ne na huɗun. Wasu iyaye suka tashi suka fita. Ban ji daɗin ganin bayansu ba. Ina shirin wucewa zance na gaba sai Marisela ta ɗaga hannu. Ashe ta zo da shirinta a rubuce: a buɗe firamare ran Litinin, motocin makaranta su ɗauko yara, a ba su karin kumallo da abincin rana, mataimakan malamai da 'yan sa kai su kula da su. Aka yi ta ja kan kuɗin mai da na direbobi. Ta nemi har aji shida, aka tsaya a aji huɗu, kuma na shekara ɗaya tukuna a ga yadda za ta kaya. Da ƙyar ya wuce, nan ma huɗu da uku, ni ne na huɗun.

Da muka fito ta tsaya a bakin motata. Ta ce kada in ɗauka an gama, baɗi za ta dawo da maganar kwana biyar, kuma za ta zo da mutanenta. Na ce ina jira. Ta ce, "Mama ta ce duk da haka in tambaye ka yaushe Mama Arlene za ta dawo, wai ka rame."

Malama Tillery ta sa hannu, tana nan. An kuma samu wani saurayi da ya nemi ajin lissafi. Ko na yi daidai ko ban yi ba, sai kaka ta yi an koma makaranta za mu fara sani. Amma ina barci lafiya, kuma na daɗe ban ji daɗin aikin hukumar nan kamar bana ba. Da sai mu zauna mu bakwai mu ɗaga hannu mu tashi. Yanzu sai ka shirya kafin ka buɗe baki.

Saura abu ɗaya, kuma gara ki karanta shi tun kina nesa da ni. An zagaya da takardar 'yan sa kai na Litinin, kowa ya sunkuyar da kai. Shugaba kuwa ba ya miƙa takarda gaba babu komai a kanta. Na rubuta sunana, zan riƙa kai yara lambun makaranta. Layin da ke ƙasa wai ana neman mai karanta wa 'yan aji ɗaya littafi, sai na ga hannuna ya rubuta naki. Kina da sauran kwanaki da doguwar tafiya a jirgi da za ki huce. In ba ki huce ba, ki yi mini faɗan a mota, hanyar gida da nisa kuma ni na fi son in ji shi daga kusa.

Ki gaida Joanne da maigidanta, ki sumbaci yaran. Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki mai jiran ki,
Lowell