Ƙullin Gwiwa na Abbu

Multan, ranar Talata.

Zuwa ga yayana Bhai Tanwir, a Maskat.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Bhabhi Uzma da yara. Allah Ya jiƙan mahaifiyarmu Ammi, Ya haskaka kabarinta, Ya ba mu haƙurin rashinta. An yi sadakar arba'in ranar Alhamis a ƙauye, ƙanwarta Khala Parwin ta dafa shinkafa tukunya biyu, gida ya cika ya batse, ni kuwa ko loma ban iya haɗiyewa ba. Ka yi ta kirana ina ce maka ina bakin aiki. Ba ƙarya na yi ba, amma ba shi ne dalili ba. Akwai maganar da bakina ya kasa faɗa maka, shi ya sa na ɗauki biro.

Wata na biyar ke nan da fara horon shekara guda da ake yi wa sababbin masu haɗa magani a asibiti. Kai ne ma kake tsokanata, wai shekara biyar ina jami'a, ƙarshenta in ƙare a ƙirga ƙwaya a bayan taga. To, ba a taga muke ba, malam, zagayawa ake yi da mu ɗakunan marasa lafiya tare da likitoci. Aikin farko da shugabarmu Madam Nighat ta koya mana shi ne, duk wanda aka kwantar, mu zauna gefen gadonsa mu rubuta abin da yake sha a gida. Kullum cewa take: “Kada ki tambayi mutum wane magani yake sha, na likita kawai zai faɗa miki. Ki ce me kake haɗiya da safe, me kake zubawa a shayi. Sannan ki zazzage jakarsa a kan gado.” Na yi wa mutum ya fi ɗari uku haka, har abokan aikina suna kirana 'yar kwastan.

Ka san Ammi ta zo Multan bikin 'yar Khala Parwin. A kwana na biyar ta fara amai, jiki ya saki, jini ya yi ƙasa, aka kawo ta asibitinmu, a ɗakin da nake aiki. Ni aka miƙa wa takardar ɗaukar bayanin magani. Wallahi Bhai, ko zama ban yi ba. Na rubuta maganin hawan jini da na sukari da ka, domin ni nake saya mata su. Na ce a raina uwata ce, me zan tambaye ta wanda ban sani ba? Kwana biyu ana ɗaura mata ruwa, ana zaton abincin biki ne ya ɓata mata ciki, jinin ya ƙi tashi.

A rana ta uku Madam Nighat ta zo zagaye. Ta daɗe tana kallon fuskar Ammi, wannan fuska mai kumatu da muke cewa ta hutu ce, ta duba fatar hannunta da ta yi siriri. Ta ce wa ya ɗauki bayanin magani, na ce ni. Ta ce na tambaye ta? Na ce ai mahaifiyata ce. Ta ce: “Ba abin da na tambaye ki ke nan ba.” Ta ja kujera ta riƙe hannun Ammi, ta ce Amman ji, wato Mama, me kike sha da safe kafin ki ci gurasar roti? Ammi ta buɗe ido da ƙyar ta ce: “Ba komai, 'yar nan, sai ƙullin mijina na ciwon gwiwa. Shi kuwa ai ba magani ba ne. Gaggawar biki ta sa na manto shi a gida.”

Innalillahi. Ƙullin nan na farar takarda da Abbu yake haɗawa a shagonsa na magani, wanda rabin tsofaffin ƙauyenmu suke sha. Shekara goma sha ɗaya tana shan sa. Ni da hannuna na sha kai mata shi da kofin shayi, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa kiransa magani, ni ma da digirina ban taɓa ba.

Na fita na sami Abbu a baranda na tambaye shi abin da ke ciki. Ya ce sirrin shago ne, daga maigidansa ya gaje shi, ba a faɗa a bainar jama'a. Bhai, na ɗaga wa mahaifinmu murya a gaban mutane, Allah Ya yafe mini. Sai ya sunkuyar da kai ya ce garin citta ne da sukari, da ƙwayar deksa biyu a niƙe. Ita wannan ƙwaya tana kwantar da ciwon gaɓɓai nan take, amma idan jiki ya daɗe yana samunta sai ya daina yin irin nasa sinadarin, ranar da aka yanke ta farat ɗaya sai mutum ya zube. Allurar da ake yi wa mai irin wannan hali tana nan a kabad ɗin ɗakin, makullin ma a aljihuna yake duk kwana biyun nan. An yi mata, amma ƙoda ta riga ta tsaya. Washegari da la'asar ta cika.

Bayan jana'iza Abbu ya tattaro ƙullin duka zai cinna musu wuta ya rufe shago. Ni na riƙe hannunsa. Mutum talatin da bakwai ne a ƙauye suke sha kullum, in ya yanke musu yau, bayan Ammi za su bi. Likitan ɗakinmu da Madam Nighat suka tsara mana yadda za a riƙa rage musu kaɗan-kaɗan. Yanzu duk Lahadi ina hawa mota zuwa gida, ina auna wa kowa jini, shi kuma yana zaune yana ƙulla abin da na auna masa. Makon farko ya dube ni ya ce: “Sumbul, hannun da ya kashe ta kike so ya ci gaba da ƙullawa?” Na ce e, Abbu, har wata shida. Sai ya jawo takarda.

Khala Parwin ta ce a bar ka a kan cewa ciwon sukari ne ya yi ajalinta, kana nesa, ga zuciyarka. Na kasa. Uwarka ce kai ma. Na san halinka, kana gama karanta wannan za ka ɗauki waya. Don Allah kada ka kira Abbu da faɗa, ya rame, wandonsa ma sai ya ninka igiya. In fushi za ka yi, ni ka fara da ni. Shi bai taɓa shiga aji an koya masa ba. Ni an koya mini, kuma na yi wa iyayen mutane ɗari uku tambayar nan, tawa ce kaɗai ban yi wa ba.

Ka gaida Bhabhi Uzma, ka shafa mini kan Hurain da Zawar. Khala Parwin tana gaishe ku. Ka sa Ammi a addu'a, ka sa Abbu, in ka samu zuciya ni ma ka sa ni.

Ƙanwarka,
Sumbul.