Na Wanke Fentin Gwangwanin Yaya

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Matata ma da na fara ba ta labari sai da ta danne dariya, sai da ta ga idona ya kawo ruwa sannan ta nutsu. A kan wata motar roba da ba ta kai tsawon tafin hannuna ba nake neman rasa yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na jawo wa kaina.

Ni mai fentin mota ne. Yaya kuwa mai gyaran agogo ne, ko in ce a da, domin yanzu ya rufe teburinsa. Tun muna yara shi ne mai hannu a gidanmu, ni ne mai ɓarna, har ya sa mini suna Ɓarnau, sunan ya bi ni har na yi furfura. Yakan ɗauki ƙusar agogo da da ƙyar ido ke ganinta ya ɗaura yana hira, ko kallon kirki bai yi mata ba. Shi ya koya mini riƙe buroshi, shi kuma ya ja ni cikin wasan da zan yi miki bayaninsa, ki yi haƙuri da ni.

Wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur, wai a wani zamani can gaba, bayan mutane sun bazu cikin taurari. Kowa yana da rundunarsa ta 'yan sojojin roba, da motocinsu da manyan bindigoginsu. A warwatse ake sayo su, kai za ka haɗa da gam, ka yi musu fenti da kanka. Ana auna tafiyarsu da tef irin na tela, a jefa dayis irin na ludo a ga wa ya harbi wa. Duk Asabar da yamma muna haɗuwa a ɗakin baya na wani shagon littattafai, manya da mu, da gemu da tumbi. Akwai wani malamin makaranta, akwai ma'aikacin jinya da muke kira Allura, da mai shagon, da mu biyu. Na san yadda abin yake a idon wanda ba ya yi, ba sai kin faɗa ba.

A ɗakin nan akwai doka ɗaya da ba a karyawa. Ba ka kai hannu kan kayan wani sai ka ce "in taɓa?" Ko sojansa ne ya faɗi a gabanka, ko motarsa ta tare maka hanya, sai ka tambaya, ya ce taɓa, sannan ka taɓa. Yaya ne ya kafa ta tun ranar da wani baƙo ya ɗaga sojan Allura da hannu duk maiƙo. Ni kaina na sha ranƙwashi a kanta.

Cikin rundunar Yaya akwai wata motar ɗaukar sojoji. Ba ta da taya, a labarin wasan shawagi take yi dab da ƙasa, kuma duk teburin babu abin da ya kai ta gudu. Sai dai jikinta ba ƙwari, harbi ɗaya mai kyau ya ishe ta, shi ya sa muke kiranta Gwangwani. Kowa ya san aikin irinta, ta kwashi sojoji ta sheƙa da su tsakiyar fili, ta sauke su, a tarwatsa ta. Yawancin 'yan wasa ba sa ma wahalar da kansu wajen yi mata fenti, tunda kafin shayi ya huce ta koma akwati. Shi kuwa Yaya ji yake da ita kamar 'yar auta. Ya san bayan wane gini zai laɓe da ita, ya san lokacin fitowa. Duk ranar da aka tashi wasa Gwangwani tana raye, sai ya ciro allurar agogo ya tsoma a farin fenti ya ɗiga mata ɗigo ɗaya a ƙofa, yana yi mana gwalo. Shekara da shekaru ana haka, ɗigon bai ma cika ƙofar ba.

Sai rawar hannu ta kama shi. Da farko ya ce gajiya ce, daga baya likita ya ce ciwo ne da ba ya warkewa, magani dai zai rage masa sauri. Masu kawo agogo suka fara janyewa, amma bai fasa zuwa wasa ba. Bara ma ya sake wa Gwangwani fenti da kansa, wai tsohon ya koɗe, ƙofar kawai ya bari da ɗigonta. Anti, ni mai fenti ne, ba zan yi miki ƙarya ba, aikin ya munana. Fentin ya yi kauri, ya zubo ya daskare, jan layin gefe ya karkace, ɗigon da ya ƙara daga baya kuwa duk sun dame. Duk sanda ya ɗora ta a tebur sai in ga mutane suna kawar da kai, ni kuma zuciyata ta yi ta zafi.

Wata Asabar hannunsa ya bige ta ta faɗi, bindigar da ke samanta ta karye. Ya miƙo mini ya ce in manna masa, tunda gam ya fi ƙarfin hannunsa yanzu. Bindiga kawai ya ce. Na tafi da ita gareji, na ajiye a ƙarƙashin fitila, sai sana'a ta motsa. A wurinmu in an kawo mota fenti ya kumbura, ba a shafa wani a kai, kankarewa ake yi har a ga ƙarfe. Na jiƙa ta a ruwan cire fenti, na goge ta tas da tsohon buroshin haƙori, na fesa sabo, na ja jan layi miƙe. Har ɗigon ƙofa na mayar, kowanne zagaye, a jere gwanin sha'awa. Wallahi da murna na yi, ina ta hango fuskarsa.

Ranar wasa na buɗe akwati a gaban kowa. Aka yi ta yabo, malamin makaranta har ya ce sai yau Gwangwani ta zama mota, kuma na san ba da mugun nufi ya faɗa ba. Yaya ya daɗe yana kallonta bai kai hannu ba. Can ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni a hankali, "in taɓa?" Motarsa ce fa, Anti. Duk aka kwashe da dariya, an ɗauka barkwanci yake yi, ni ma wawan na yi dariya na ce ya taɓa mana. Ya sa ɗan yatsa ɗaya a ƙofar, ya ce aiki ya yi kyau, ya gode. Ranar bai fito da ita fili ba. Da aka tashi ya kwashe sojojinsa, ya bar ta a tebur.

Matar Yaya ce ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe watanni ya kwashe yana wannan fenti, da safe bayan ya sha magani, lokacin da rawar ke ɗan lafawa. Yakan danne wuyan hannun dama da na hagu, ya tokare gwiwar hannu a kan filo, ya ja layi ɗaya ya huta. Da ya gama har asibiti ya kai ta ya nuna wa likita. Ita ce abu na ƙarshe da hannunsa ya fara kuma ya gama, ni kuma na wanke ta a roba kamar kwanon da aka ci abinci.

Tun ranar bai koma wasa ba. Ya rufe teburin agogo, magani ma sai matarsa ta yi da gaske yake sha. In na je gidan yana karɓata kamar baƙo, ya sa a kawo mini ruwa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Mutumin da bai taɓa kirana da komai ba sai Ɓarnau, yanzu Malam yake ce mini. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, me aka yi. Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Likita ya ce nan gaba magana ma za ta iya yi masa nauyi, kuma abin da ke cin raina ke nan, kada ranar da zai huce ya so kiran sunana ta zo bakin ya ƙi.

Gwangwani tana cikin durowata. Na gwada yin fenti da hannun hagu a kan wata tsohuwar motar roba, wai in koyi karkataccen layinsa in mayar mata, da na duba sai na ga kamar ba'a nake yi masa, na jefar. Na yi tunanin in sake wanke ta in kai masa fara fat ya yi nasa, amma hannun da ya yi wancan babu shi yanzu. Na yi tunanin in sayo sabuwa in haɗa masa. Ni ma na daina zuwa wasan, a gareji kuma in na ɗauki bindigar feshi sai in mayar in ajiye. Ni da duk abin da aka kawo mini a lotse nake mayarwa sumul, ga shi na rasa ta inda zan kama. Anti, akwai gyara kuwa, ko in haƙura na rasa shi tun yana raye?

Naki cikin damuwa,
Ɓarnau

*

Ɗan'uwana Ɓarnau,

Ban yi dariya ba, kuma ba zan yaudare ka ba. Wancan fenti ya tafi, ba ya dawowa. Ka fara zaunar da wannan a ranka, domin muddin kana neman hanyar mayar da shi za ka yi ta ƙara ɓarna.

Ka sake duba dabarunka uku: fentin hannun hagu, sake wankewa, sayo sabuwa. Dukkansu kai kaɗai ka ƙulla su a gareji, babu wadda ka tambayi mai motar. Abin da ya kawo ka nan ke nan, kuma kana shirin maimaita shi. Ka ajiye buroshi.

Na yarda ƙauna ce ta sa ka, amma akwai kunya a ciki. Ka ga mutane suna kawar da kai sai ka ji kunya a madadinsa, alhali shi alfahari yake yi da aikinsa. Da ka gyara, abin da ya ji shi ne ƙaninsa ma ya yanke cewa hannunsa ya gama aiki, kuma a gaban abokai aka sanar da shi. Yana da haƙƙin ya ji ciwo.

Sai dai kada ka ɗauki kayan duka a kanka. Ba kai ka sa masa rawar hannu ba, kuma mai yiwuwa teburin agogo zai rufu ko da ba ka taɓa motar ba. Mutum ne da ke makokin hannunsa, kai ka zo ka fama wurin. Batun ƙin shan magani kuwa ba zai jira sulhunku ba. Ka roƙi matarsa ta gaya wa likita komai, har da shirun da zaman ɗaka, domin ƙuncin rai yakan biyo doguwar jinya, kuma akwai taimakon da ake bayarwa a kai.

Haƙurin da ka ba shi a dunƙule ne, shi ya sa ya sami damar cewa ba komai. Ka koma ka kira laifin da sunansa. Ka ce masa manna bindiga kawai ya sa ka, kai kuma ka wanke fentinsa ba ka tambaye shi ba, kuma yanzu ka san wahalar da ya sha a kansa. Kada ka kawo zancen kyakkyawar niyya, ya san da ita. Ka kai Gwangwani a akwatinta yadda take, ka ajiye a gabansa, ka mayar da hannuwanka kan gwiwa, ka yi shiru. In ya ajiye ta, in ya jefar, in ya sa wuƙa ya kankare ɗigonka, duk ikonsa ne.

Ka koma wurin abokan wasanku ka gaya musu gaskiya, musamman malamin makaranta, don su daina kawar da kai. In Yaya ya yarda, ba in kun ga ya dace ba, ku kai teburin wasan zuwa falonsa da safe, lokacin da hannun ke lafawa. Ka ci gaba da zuwa gidan ko da Malam zai yi ta ce maka, ka sha ruwan da aka kawo maka, ka dawo wani makon. Ba zan ce maka zai huce da wuri ba, ban sani ba.

Abu ɗaya na sani. Nan gaba abubuwan da zai buƙaci hannunka a kansu za su yi yawa, maɓallin riga, kofin shayi, igiyar takalmi, kai kuma mutum ne mai saurin gyara. Yayanka ya riga ya koya maka maganar da za ka tari waɗannan kwanaki da ita, har da ranƙwashi. Kafin ka kai hannu kan motarsa, ko rigarsa, ko kafaɗarsa, ka ce "in taɓa?" sannan ka jira amsa. In ya ce a'a, ka janye hannunka ka zauna kusa da shi.

Allah ya ba shi sauƙi, ya ba matarsa juriya, ya kuma sa ka sake jin Ɓarnau daga bakinsa.

Anti