Abin da Na Tsinta a Kwandon Shara

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce ta girmamawa daga 'yarka, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutan gida. Allah Ya ƙara maka sauƙin kunnen nan. Ni lafiyata lau, sai kewarku. Yaya Babba ya rubuto min cewa ka rufe shagon gyaran rediyo, wai tunda ba ka jin sauti sosai, aikinka ya ƙare. Raina bai ji daɗi ba ko kaɗan, shi ya sa na zauna in ba ka labarin nan.

Ka san aikina, ko da yake kullum cewa kake ka bar mana bokonmu. A ɗakin bincikenmu akwai tukunyar ƙarfe kamar tankin ruwa. A ciki muke ɗura wa iska wutar lantarki har ta koma abin da muke kira filazma, irin abin da ke jikin rana. Layukan maganaɗisu suna ratsa ta kamar zare. In biyu masu saɓanin hanya suka matsu, sai su tsinke, su sake ɗaurewa da juna, ƙarfi ya ɓalle. A jikin rana nan da nan abin ke faruwa, amma a lissafinmu tafiyar hawainiya yake yi. Dalilin wannan saurin nake nema.

Shekara biyu cur ina lallashin tukunyar nan ta natsu. Duk gwajin da filazmar ta hargitse, zanen awo ya fito a yamutse, sai mu ce ya ɓaci, mu tura shi wani kundi a kwamfuta da muka sa wa suna Shara. Haka aka koya mana. Watan jiya Farfesa, shugabanmu, ya kira ni ofis ya ce in ban kawo sakamako kafin ƙarshen wata ba, zai ba wasu lokacina na tukunya, in tattara nawa-ya-nawa. Injiniyanmu, wanda muke kira Mai Sifana, har ya ce bari ya goge Sharar don mu sami wuri. Na ce kul!

Kai na tuna, Baffa. Ina ƙarama, in an kawo rediyo mai shuu, ba ka yarda kowa ya kashe ta sai ka kara kunne ka saurara, kana cewa a cikin shuu ɗin take faɗin ciwonta. Sai na buɗe Shara, gwaji ɗari uku da 'yan kai, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashe waɗanda suka fi hargitsewa su suka fi saurin sake ɗaurewa! Hargitsin ne ke karkaɗa layukan, su riƙa haɗuwa a ƙananan wurare barjat, maimakon su yi layi a ƙofa ɗaya. Farfesa ya ce dace ne kawai. Ban yi musu ba. Na sa Mai Sifana ya hargitsa filazmar da gangan, sau arba'in, kuma sau arba'in ɗin amsa ɗaya ta ba mu. Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya tambaye ni wa ya koya min tonon shara. Na ce wani mai gyaran rediyo ne. Ya sa hannu an ƙara min shekara biyu, kuma na san inda na dosa.

Ka gaishe min da Inna, da Goggo, da Yaya Babba da iyalinsa, da Auta mai surutu. Yaya ya ce kana shirin zubar da kwalin tsofaffin rediyon nan. Don Allah kar a taɓa shi sai na zo hutu. Za mu buɗe shagon tare, kai ka riƙe sukuddireba, ni in saurara maka. Ai kunnenka bai tafi ko'ina ba, Baffa, yana nan wurina yana aiki.

Taka har kullum, wadda kake kira
Sarkin Tambaya