Yajin da Babu Kanumfari

Lahadi, 14 ga Agusta 2022

Ruwa tun asuba. Na yi kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli na aika wa Rahama gidan mijinta, cikin nan ya sa mata kwaɗayin ganye. Wata shida. Haihuwa sai an shiga sanyi.

Shekara ashirin ke nan da ƙanena Ɗan Azumi, mahaifinta, ya kawo min ita daga Mirriya, ranar da aka yaye ta. 'Yar fari ce, uwarta Sa'a ko sunanta ba ta kamawa don kunya. Ni da Allah bai ba haihuwa ba, na karɓa hannu biyu. Yanzu ga jego zai zo ɗakina.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Na sayo kayan yajin jego: citta mai yatsu, masoro, kimba, barkono, da kanwar kunu. Mai kayan ƙamshi ya turo min kanumfari, wai yajin jego ba ya cika sai da shi, wai daga bayan teku ake kawo shi. Na ce ko daga Makka ne, mayar da abinka. Tana shekara bakwai haƙori ya dame ta, na cusa mata kanumfari a kogon, ta wuni tana amai. Tun ranar, ƙamshinsa kaɗai tayar mata da zuciya yake yi. Duk duniya ni kaɗai na san wannan.

Kuɓewa ta bushe. Daddawar batso ta kwana uku a rufe, ta fara wannan warin mai daɗi.

Talata, 25 ga Oktoba

Ɗan Azumi ya zo yana sosa ƙeya. "Yaya, dangin Sa'a sun ce haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi."

Uwa. Na ce to.

Wa ta yi jinyarta lokacin ƙyanda? Wa ta ja hannunta zuwa lakwal, makarantar boko, tana ihu? Ban tambaya ba. Na zuba masa tuwo, na hana shi man shanu. Ashe zanen aro na ɗaura shekara ashirin, yau masu shi sun zo.

Laraba, 26 ga Oktoba

Rahama ta zo sallama, ido jawur. "Inna, ki biyo mu mana." Na ce ƙafata na ciwo. Ƙafata lafiya lau.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Ta sauka lafiya. Namiji. Na yi sujada, kuma na ji haushin da ba ni na fara ɗaukarsa ba.

Sa'a ta kira ni a waya. "Yaya, me kike zuba mata a yaji?" Na ce abin da kowa ke zubawa. Ta ce ita ma haka ta yi, har kanumfari ta cika don ya gyara ciki. Na yi shiru. Ai ita ce uwa, ta san 'yarta.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Suna. Usman. Ban je ba. Miyar kuka na kaɗa, ta yi gishiri.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Hasana maƙwabciyata ta dawo daga Mirriya. Maijego ba ta cin abinci. Gasasshen nama, tuwo, romo, ba abin da Sa'a ba ta barbaɗa wa yajin nan, ita kuwa yarinyar sai ta ce alhamdu lillahi ta tura kwanon ƙarƙashin gado. Nono ya ja baya. Yaro sai kuka, lokotoron asibiti ya ce nauyinsa raguwa yake yi. Sa'a kuma ƙara yajin take, wai ko ya buɗe mata ciki.

Rahama ba za ta taɓa duban matar da ta haife ta ta ce "ba na so" ba. Kunyar 'yar fari. Na san haka, tun ranar wayar na sani. So na yi Sa'a ta ɗanɗana, ta gane haihuwa daban, sani daban. Yaron ne ban sa a lissafi ba.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Kayan yaji na nan cikin ƙwarya. Na rufe su da faifai, na buɗe, na sake rufewa.

Lahadi, 27 ga Nuwamba

Kasuwar Mirriya ke ci, mota ba ta wuya. Wake na je saye. Ƙullin kayan yajin ma don kada ƙwari su ɓata shi na ɗauka.

Wuyan Rahama ya fito. Yaron a hannuna kamar ba a ba ni komai ba. Sa'a ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, na rasa yadda zan yi."

Da na daka shi tun a gida na kawo, Rahama ta ci, kowa ya ce hannun Innarta ne, sirrina ya zauna wurina har kabari. Na yi wannan tunanin a mota, ba zan ɓoye ba. Amma sai na ji bakina na faɗa wa Sa'a: haƙorin, aman, har shirun da na yi a waya. Na jira zagi, na cancanta.

Sai kawai ta miƙe. Ta wanke turmi da toka sau biyu, ta miƙo min taɓarya, ta ɗauki ɗaya. Muka yi lugude. Ba ta iya ba, sau uku taɓaryarta na bugun tawa.

Rahama ta cinye naman da aka barbaɗa wa sabon yajin, ta suɗe kwanon, ta nemi ƙari. Sa'a, fuska a gefe, ta ce wa bango, "Yaya ce ta daka." Na ce mu biyu ne.

Barkono ne ya sa ni hawaye, na bana na da zafi. Waken kuwa na manta. Ƙafata ma yanzu da gaske take ciwo, ban ga yadda zan hau mota ba sai an yi arba'in.