Wasiƙu a Buhun Dusa

Birnin Tudu,
Asabar da hantsi.

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka tashi lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya ciwon ƙafar nan? Ni lafiyata lau, sai kewarka.

Za ka yi mamakin mace ta rubuta wa mutumin da take hango ƙeyarsa daga bakin ƙofarta. Ka yi haƙuri, hanyar da ta rage mini ke nan. Yau kwana arba'in da mutanen daji suka sako ka, ban ji kalma goma daga bakinka ba.

Wata biyun da suka riƙe ka, tun ranar da suka tare ku a hanyar Faru, na shirya dawowarka a raina ya fi sau ɗari. Ka san ni da littattafaina. A cikinsu in miji ya dawo, yakan tsaya bakin ƙofa ya kira sunan matarsa murya na rawa, ita kuma tire ya suɓuce daga hannunta. Har tiren na tanada. Sai ga shi an shigo da kai a kafaɗar mutum biyu, ka dube ni kamar baƙuwa, ka zauna kana fuskantar bango. In mashin ya wuce bayan katanga sai ka toshe kunnuwa. Inna ta ce a kan mashina suka zo muku. Ban ƙara tambaya ba.

Ranar da Kawu Gajere ya jawo tsohuwar goɗiyarsa 'Yar Faru ya kafa mata turke a gindin darbejiyarmu, wai gwiwoyinsa sun gaji da hidimarta, na ji haushi. Na ce a raina, muna fama da jinya an ƙaro mana aiki. Ashe tsohon ya san abin da yake yi. Kwana uku ba ka dube ta ba. Rana ta huɗu ta yi haniniyar ƙishi ina cikin daka, kafin in ajiye taɓarya ka miƙe da kanka ka ɗauki bokiti.

Jiya kuwa ina shanya na ji kana mata magana ƙasa-ƙasa, kana taje mata geza. Ban ji abin da ka ce ba, ban kuma matso ba. Muryar ta ishe ni. Na shige ɗaki na sha kukana.

Tunda buhun dusarta ne kaɗai abin da kake buɗewa da hannunka kullum, a ciki zan sa takardar nan. Ba sai ka amsa ba.

Taka har kullum,
Lailatu.

*

Birnin Tudu,
Laraba bayan azahar.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ya gajiyar fadama? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Wannan ita ce ta tara, in ban ɓata lissafi ba. Ta ukun na ga 'Yar Faru ta cinye mata kusurwa, daidai inda na sa baitin da na kwana biyu ina tsarawa. Ban yi fushi ba, wataƙila ta cece ni daga kunya. Sauran bakwai na same su a aljihun rigarka da zan yi wanki, an ninke su daidai. Na mayar inda suke, na wanke wata rigar.

Na gano sirrinku kai da ita. Shekaranjiya mashin ɗin maƙwabcinmu ya tashi kana tsaye kusa da ita. Ba ka toshe kunne ba. Ka ɗora tafi a wuyanta, ka zuba wa kunnuwanta ido. Ita ko a jikinta, ta kaɗa ɗaya ta kori ƙuda ta ci gaba da cin harawa. Sai na ga kafaɗunka sun sauka. Wato in ba ta tsorata ba, kai ma ka yarda ba komai. Da na san haka ake yi, da tuni na koyi kaɗa kunne.

Na ji 'yan majalisar bakin masallaci suna maka tsiya da ka hau ta zuwa fadama, wai namiji da gemunsa a kan goɗiya. Kawu ya ce musu wanda ya taɓa kwana ɗaya a daji shi ne zai yi dariya, sauran su kama bakinsu. Ni dai na leƙa ta katanga har kuka ɓace. Ban taɓa ganin mahayin da ya yi mini kyau haka ba.

Yanzu ga abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa. Yaya Sadi ya zo jiya daga Mafara da saƙon Baba. An gaya masa na rame, kuma mijina ba ya mini magana. Ya ce jibi Juma'a a kai ni gida, ba zan dawo ba sai ka je da ƙafarka ka faɗa da bakinka cewa kana son zaman. In wata ya mutu ba ka je ba, zai tara manya a yi magana. Kada ka riƙe shi a rai, tsoro yake ji wa ɗiyarsa. Na roƙe shi ta bakin Yaya, bai saurara ba.

Na san Mafara, na san yawan 'yan kabu-kabunta. Ba zan ce ka zo ba. Ka dai ci abinci. Kanwar 'Yar Faru tana cikin tukunyar bayan ƙofa, kuma ba ta son dusa da ruwa da yawa.

Taka a ko'ina nake,
Lailatu.

*

Talata Mafara,
Talata bayan la'asar.

Zuwa ga maigidana, jarumina,

Assalamu alaikum. Sannu da hanya, sannu da rana, sannu da ƙoƙari. Ya ka baro Inna da Kawu? Ina rubutu cikin sauri, kai kana zaure kana shan furar da na dama, ka gafarci rubutun.

Kwana goma sha ɗaya ina gidan nan ban iya karanta ko shafi ɗaya ba. Duk littafin da na buɗe sai in ga mutanen ciki suna surutu da yawa.

Yau da azahar na ji hayaniya a ƙofar gida, na leƙa ta tagar ɗakin Yaya. Maigida, cikin kwanakin mako bakwai ba ka zaɓi ko wace ba sai ranar kasuwa! Mashina gaba da baya, wannan ya danna ham, wancan ya gifta da buhunan albasa, wasu na nuna ka suna dariya. Kai kuwa ga ka tsakiyarsu a kan 'Yar Faru, riga ta jiƙe sharkaf, ba ka kallon kowa. Idonka na kan kunnuwanta. Ita tana tafe a hankali kamar mai zuwa gidan suna. Da ka sauka ka jingina goshi a wuyanta, ta tsaya cak har ka dawo hayyacinka. Sannan ka yi sallama.

Na laɓe bayan ƙofar zaure, Allah ya yafe mini. Na ji ka gaida Baba, gaisuwa cikakkiya har da tambayar iyali da kasuwa. Na ji ka ce ka zo ɗaukar matarka. Sai na ji Baba yana fyace hanci, ya fita wai zai duba ko an ba goɗiya ruwa.

Takardar da ka ba Yaya ya miƙo mini ta iso. Na gane ta, ta ukun nan ce mai cinyayyar kusurwa. Na juya bayanta na ga rubutunka: "Tun Juma'ar nan ba komai a buhun sai dusa. Ki dawo."

Na karanta littattafai sun fi cikin akwati, ba inda aka taɓa rubuta wa mace abin da ya kai wannan.

Baba ya ce ku kwana nan ku huta, kai da ita. Gobe Yaya zai sa ni a mota da sassafe, zan riga ku isa in kwaɓa dusa. Ba buhu a gidan nan, don haka zan cusa wannan ƙarƙashin sirdi, inda bakinta ba ya kaiwa.

Kada ka yi sauri a hanya. Ka bi kunnuwanta, ni ina gindin darbejiya.

Matarka,
Lailatu.